Farar Ƙwayar Da Ba Ta Ishi Kulu Ba

Zuwa ga mahaifiyata Inna, a makwancinta na Wurno.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, gwiwa a ƙasa, tare da neman gafara da fatan Allah ya yalwata miki inda kike, ya sanyaya shi. Mutanen gidana suna gaisuwa, A'i matata da yaran duka.

Bayan haka, Inna, damina huɗu ke nan da muka rufe ki, ban taɓa ɗaukar alƙalami da sunanki ba. Ko kina raye ma ba ki karanta boko, kin sha cewa rubutun da ke tasowa daga hagu bai kwanta miki ba. To, yau na rasa wanda zan gaya wa abin da ke cina. Shi ya sa da masu jinya suka watse bayan la'asar na rufe ƙofar ɗakin shan magani na nan Rabah, na zauna a teburin da nake raba magani, na ce bari in gaya miki.

Kulu ta rasu. Autarki. Wata biyu ke nan da 'yan kwanaki. Ta haihu lafiya, ta sami ɗiya mace, zazzaɓin jego ya kama ta, kafin ta cika sati uku da haihuwa muka kai ta makwancinta. Ɗiyar tana hannun A'i, tana shan nono tare da namu yaron. Wataƙila kin riga ni sanin wannan, tunda ta zo inda kike. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda aka yi, kuma shi nake so ki ji daga bakina.

Kwanan nan ina yawan tuna zauren gidanmu na Wurno. Namiji zai zo ya tsaya daga waje yana gyaran murya, kunya ta hana shi faɗin abin da ya kawo shi, ke kuwa kin riga kin ɗauki mayafi da 'yar jakar saiwoyinki. Ba ki taɓa tambayar mi za a ba ki ba kafin ki fita. Bayan suna sai mu ga an aiko da ƙwaryar gero, ko ƙafar rago, ko kwandon albasa, wani lokaci busasshen kifi daga gidan masunta. Masu zuwa ba da haƙuri don ba su da komai kuwa, amsarki ɗaya ce: “Ku aje abin da kunka iya. In babu, ku tahi, Allah shi raya.”

Ba zan ce kowa ya tashi a hannunki ba. Na tuna ranakun da kike dawowa ki wanke hannu, ki zauna bakin murhu har rana ta faɗi, mu ma mu kama kanmu. Amma babu wanda ya taɓa sayar da jakinsa saboda ke. Mutum zai rasa matarsa, rumbunsa yana nan.

Yanzu ba haka ba ne. Matar da ta karɓi aikin ungozoma a unguwarmu ba ta ɗaga labule sai an ajiye mata sule. Wanzamin da ke yi wa Baba ƙaho a ba shi damin dawa da kaka, ɗansa ya ce kuɗi hannu. Har maɗorin garin Maikujera, wanda kika sani ba ya karɓar komai sai kaza bayan ƙafa ta taka, yanzu ciniki ake yi da shi mai karaya yana kwance yana nishi. Da farko na ɗauka imani ne ya ragu. Da na zauna da su sai na ga ba su da yadda za su yi. Mai karɓar haraji ba ya karɓar gero ko kaza, tsaba yake so, kuma kullum sai an ɗan ƙara. Tun da aka fara yaƙin nan na Turawa, wanda aka kwashi samarinmu zuwa ƙasar Bama, gishiri da kananzir da ƙyallen da mace za ta ɗaura suka tashi, an gama yaƙin ba su sauko ba. Kowa sai ya juya ya ɗora nauyinsa a kan wanda ke ƙasa da shi. Na can ƙasa kuwa shi ne marar lafiya, don shi ne ba ya iya cewa a bari sai baɗi.

Ni kuma kin san yadda na shiga wannan aiki. Ranar da za a kai ni birni koyon wankin miki da rabon magani ba ki hana ba, ba ki kuma yi murna ba. Cewa kika yi, “Tahi ka koyo nasu, ni ina nan da nawa.” Shekarun farko abin da muke da shi kaɗan ne, jan maganin miki, gishirin wankin ciki, man ƙazuwa, da ruwan ɗaci na zazzaɓi. Sai cikin yaƙi wata farar ƙwaya ta fara zuwa. Ban taɓa ganin irinta ba. An kawo mini wani manomi da ciwon haƙarƙari, numfashi da ƙyar, 'yan uwansa har sun fara shawarar likkafani. Kwana uku yana haɗiyarta, ran na huɗu ya nemi fura. Na zo Wurno na ba ki labari, kika saurara har na gama, kika tambaye ni abu ɗaya: “To, tana isar kowa?” Dariya na yi a lokacin.

Mu muka yi ta shela. Kasuwa-kasuwa, gidan suna, gidan biki, ina ce wa mutane su daina ɓoye marar lafiya, su kawo shi, akwai magani. Sojojin da suka dawo suka ƙara da nasu labarin, na wata allura da ke tayar da wanda aka cire rai da shi. Mutane suka yarda. Suka fara zuwa daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Maganin ne bai ƙaru ba. Akwatin da ake aiko mana daga birni kullum ƙara sauƙi yake a kan ɗan dako. In na tambaya sai a ce jirgin ruwa bai iso ba, ko a ce can ƙasar Turawan ma nema suke, ko a ce babban asibiti ya ɗebi nasa, na garuruwan kan hanya sun ɗebi nasu, mu na ƙarshe sai abin da ya rage. Da marka kuwa hanya ta yanke, ko ragowar ba ta zuwa. Takardar ganin malamin asibiti da a da kyauta ce aka sa mata kwabo, daga baya aka mai da ita taro, kwabo uku ke nan. Mutum zai bar gonarsa cikin ciyawa, ya yi tafiyar yini, ya biya, in duba shi in gane ciwonsa sarai, in san maganinsa, sannan in ba shi gishirin wankin ciki don kada ya koma hannu wofi.

A cikin irin wannan marka Kulu ta haihu a Rimawa. Haihuwar fari ce. Da kina raye gida za ta zo goyon ciki, ki karɓi haihuwar da hannunki. Ni ya kamata in ɗauko ta in kawo wa A'i tun cikin yana wata bakwai. Na ce sai ruwa ya ɗan tsagaita, na yi ta sai gobe har abin ya wuce. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Mijinta Mamman kin san shi, ke kika ce yaron yana da kunya, a ba shi. Da rani albasa yake yi a fadama, da damina gero da ɗan su. Kwana huɗu da haihuwa jikinta ya yi zafi, mararta ta ɗaure, ta fara rawar sanyi ana tsakar wankan jego. Mamman ya yi abin da kowa zai yi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an dafa saiwoyi. A Goronyo aka nuna masa wani tsohon soja mai yawo da allura a cikin gwangwani. Mutumin ya faɗi kuɗin da Mamman ba ya riƙewa sai in ya kwashe albasa, ya kuma ce in za a tsaya ciniki akwai masu jira. Ragon sunan da ya yi wata biyar yana kiwo, shi ya ja ya kai kasuwa. Allah kaɗai ya san abin da ke cikin allurar nan. Cinyarta ta kumbura, zazzaɓin bai motsa ba.

Sai Mamman ya ce a kai ta wurin yayanta, ai shi ne mai maganin Turawa. Irin albasar da ya tanada don rani ya sayar ya sallami masu ɗaukarta. Ruwa ya cika fadama, mai fito da kwale-kwale ya dubi mace kwance a kan ƙyaure ya ninka kuɗinsa, don ya san ba za su juya ba. Kwana biyu suna tafe, maza huɗu suna karɓa-karɓa, jaki ɗauke da guzuri, uwar Mamman goye da jaririya. Ranar suna a hanya ta same su. A gindin wata tsamiya wani malami matafiyi ya raɗa wa yarinyar suna, ba rago, ba goro, ba wanzami. Sunanki aka sa mata.

Da suka sauke ta a ƙofar nan ban gane ta ba sai da ta ce “Yaya.” Na taɓa goshinta, na danna mararta, na san ciwon tun kafin in gama dubawa. Na sha ganin farar ƙwaya ta kore shi daga jikin matan da suka fi ta jigata. Na buɗe kabad duk da na san abin da ke ciki. Kwalbar ta fi wata a wofi. Mamman yana tsaye yana kallon hannuna, fuskarsa har da ɗan murmushin wanda ya iso inda za shi. Kalmar da nake faɗa wa baƙi kullum ita na faɗa masa. Babu.

Na yi tunanin birni. Motar kaya ba ta shigowa da damina, sai an ɗauki mutum an kai shi bakin babbar hanya. Can ma direba kuɗin mutum uku yake karɓa a kan wanda zai kwanta, kuma a biya kafin a hau, don ya ce in marar lafiya ya cika a hanya babu mai tuna shi. Ko an isa, babu tabbacin ba za a ce da mu abin da na ce da Mamman ba. Kulu kuma ba ta da sauran ƙarfin wata tafiya.

Kowa ya san akwai wani ɗan koli a Wurno da ke ajiye ƙwayar a ƙarƙashin alluran ɗinki da madubai. Ni kaina na sha zaginsa a gaban mutane. A yammacin ranar Mamman ya sayar da jakinsa a nan Rabah, da rahusa, don mai saye ya ga marar lafiya da idonsa. Ya zo ya damƙa mini kuɗin. Da gari ya waye na hau keke, inda laka ta hana in saɓa shi a kafaɗa, na isa kafin azahar.

Kin san mutumin, Inna. Ba zan rubuta sunansa ba, amma 'ya'yansa uku a hannunki suka faɗo. Ya tare ni da fara'a, ya yi mini gaisuwar rashinki kamar jiya aka yi, ya shigar da ni bayan rumfa ya kwance wani tsumma. Kwalbar da ya fito da ita irin tamu ce sak, har da tambarin da ake bugawa a ma'aji kafin a aiko mana. Na tsaya ina kallon tambarin nan. Ya lura, bai ji kunya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce, “Malam, ni ma saye niy yi. Wanda yas sai man, shi ma saye yay yi. Kowa da iyali.”

Kuɗin ƙwaya ɗaya ya kai abin da leburan hanya ke samu a yini biyu, ciwon Kulu kuwa ba na ƙwaya ɗaya ba ne, sai an yi kwanaki ana ba ta ba fashi. Saboda ke ya rage mini wani abu, ya ce ba don Inna ba ko anini ba zai sauko ba. A nan na sayar da keken, na haɗa da kuɗin jaki. Na dawo Rabah a ƙasa, riƙe da abin da bai kai rabin yadda ake bukata ba.

Ta yi aiki, Inna. Wannan ne ya fi ci mini rai. Kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Kulu ta tashi zaune, ta sha kunun kanwa, ta karɓi ɗiyarta ta ba ta nono. Ta ce A'i ta tsefe mata kai don ta gaji da warin jinya. Ta yi ta yi mini ba'a wai na tsufa, furfura ta fito tun ban kai ko'ina ba. Mamman ya zaga bayan danga ya yi kukan murna. Ni kaɗai na san abin da ya rage a cikin tsumma. Na fara raba ƙwaya biyu da wuƙa don ta ja kwana, alhali ni ne nake hana mutane yin haka, don na san rabin magani ba ya kashe ciwo, kwantar da shi kawai yake.

Na shiga gari neman abin sayarwa. Gero bai nuna ba, rumbu ya kusa ƙasa, kowa nasa yake lallaɓawa. A'i da kanta ta fara sauke kwanonin jerenta, ban ko roƙe ta ba. Kulu ta ji motsin kwanoni ta gane. Ta kira ni, ta kama hannuna, ta ce, “Yaya, kak ku sake sai da komi. Ku bar ma yarinya abin da za ta ci.” Na ce mata ta yi shiru ta huta. Mun sayar da kwanonin duk da haka. Na tura Mamman Wurno da kuɗin, ya tarar ɗan kolin ya tafi birni saro kaya, ya zauna jiransa a bakin rumfa. A nan kuwa ƙwayar ta ƙare, zazzaɓin ya komo da ƙarfin da ya fi na farko. Ranar Talata da hantsi ta cika, kanta a cinyar A'i. Mamman ya iso da maganin a hannu ya tarar ana haƙa kabari.

Masu ta'aziyya sun ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma a zamaninki in mace ta tafi da wannan ciwo, kina wanke hannu ne da sanin babu abin da ɗan Adam zai iya. Ni na san abin da zai iya. Na riƙe shi a tafin hannuna, na san yadda ya saura a cika, na san rumfar da sauran yake. Wannan sanin ba ya barin mutum ya yi haƙuri irin naku.

Mamman ya koma Rimawa ba mata, ba jaki, ba iri. Fadamarsa bana wani zai dasa. Maganin da ya makara da shi ya mayar wa ɗan kolin, aka karɓa a rabin kuɗi, da shi aka yi sadakar uku da ta bakwai. Ya ce da an yi girbi zai tafi ci-rani kudu, bai faɗi ranar dawowa ba. Ranar da zai bar nan ya ɗauki ɗiyar ya daɗe yana kallonta, ya mayar wa A'i, ya durƙusa ya yi mini godiya. Da zagina ya yi da ya fi mini.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin abin da ya zaunar da ni rubutun nan. Da ruwa ya janye akwati ya iso. Kwalba ɗaya ce a ciki ta farar ƙwaya. Ni kaɗai na buɗe. Na tuna A'i da goyo biyu, na tuna sanyi yana tafe da ciwon haƙarƙari, na tuna ba ni da sauran keke ko kwano da zan sayar. Kafin in ɗora kwalbar a kabad na zuba kashi ɗaya cikin uku a tsumma, na kai gida na cusa a cikin jinkar ɗaki. Na ce wa kaina ba sayarwa zan yi ba, don haka ba sata ba ce.

Abin da ya rage bai yi sati biyu ba ya ƙare. Shekaranjiya wani mutumin ƙauyen Tursa ya kawo matarsa a kan jaki, kwana biyar da haihuwa, jiki kamar garwashi. Yarinya ce, ba ta kai Kulu ba. Na danna mararta ta yi irin ƙarar da na sani. Daga nan zuwa gidana taku kaɗan ne. Na dubi mutumin na ce masa babu. Ya tambaye ni inda zai samu, na kwatanta masa rumfar ɗan koli a Wurno. Ya taɓa aljihunsa, ya dubi jakin, ya gyara wa matar zama, ya juya. Na tsaya a ƙofa ina kallonsu har suka sha kwana.

Ban san abin da ya same ta ba, kuma ina tsoron tambaya. Tsumman yana nan cikin jinka. Jiya na ɗaga hannu zan ciro shi in bi su, ɗiyar Kulu ta yi tari, na sauke hannuna. Na daina zagin wanda ya fara fitar da kwalbar nan daga ma'aji. Wataƙila shi ma ba mugu ba ne, wataƙila wani nasa ya binne ya ji tsoro. Haka abin ke ƙara tsada, Inna, daga hannu zuwa hannu, kowane hannu da uzurinsa, kuma ban hango inda zai tsaya ba. Yanzu nawa hannun ma yana ciki.

Ban rubuto don ki wanke ni ba. Na san da kina nan ba za ki yi faɗa ba, kawar da kai kawai za ki yi, kuma da faɗan ya fi mini sauƙi.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya jiƙan Baba. Allah ya jiƙan Kulu, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ya raya abin da ta bari. Allah ya tashi kafaɗar matar nan ta Tursa ko ta hannun wa, kada ya bari ta biya tsorona da ranta. Ni kuwa ban san mi zan roƙa wa kaina ba. In addu'ar uwa tana isowa daga inda kike, ki roƙa mini abin da kika ga ya dace da ni.

Wassalam.

Ni ne ɗanki na fari, wanda kunya ba ta taɓa barin ki kiran sunansa ba,

Garba,
Rabah.